Ƙwanson da Baffa Ya Zuba

Babur ɗin mahaifina ya girme ni. Baƙi ne, ɗan Ingila, mai nauyin tsiya, irin wanda yanzu in ka fito da shi titi sai samari su zagaye ka suna ɗaukar hoto da waya. Baba ya saye shi a hannun wani tun yana saurayi, lokacin da yake kai hulunan zanna da turaren wuta kasuwannin ƙauye. Mu asalinmu Barebari ne, amma tun kakan kakana muke unguwar Koki, ko gaisuwar Barbarci ban iya ba sai guda ɗaya, ita ma a karkace. Sa'ad da mijina ya rasu na dawo gida da zama, mahaifiyarmu ta riga ta daɗe a ƙasa, Baba ya tsufa ya bar wa ƙannena rumfar kasuwa. Babur ɗin ba ya fita sai ranar Juma'a, idan zai je gaida yayarsa a wani ƙauye bayan gari.

Lungunmu yana da ƙa'ida, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta. Ba a tayar da babur a ciki. Akwai masallaci, akwai zaurukan dattawa, ga yara na rarrafe a bakin ƙofa. Duk mai abin hawa sai ya tura shi da hannu har ya fita bakin titi, can ya tayar. Haka na taso na ga Baba yana yi, yana tafe yana turawa yana gaisawa da mutane dama da hagu.

A bakin lungun nan rumfar Baffa take. Ba ƙanen Baba ba ne, ba mu haɗa jini ba ko ɗigo. Bafulatani ne da ya shigo birni yana matashi, ya koyi zubin tukwanen dalma, ya zauna. Mu muka taso muna ce masa Baffa. Tun kafin a haife ni shi da Baba suke cin abincin dare a kwano ɗaya a zaurenmu, bayan sallar magariba. Kun san tsakanin Babarbare da Bafulatani, wasa ne har a mutu. To na waɗannan biyun ya wuce misali. Baba ba ya kiransa da komai sai "bawana". Shi kuma da ya sako kai zaure zai ce, "Ina Babarbaren gidan nan, ya wanke hannu ya zo ya yi wa ubangidansa fifita." In na kai musu burabusko sai Baffa ya yatsine fuska ya ce wannan tsakuwar ce abincin mutane? Sannan ya cinye fiye da rabi ya suɗe kwano. Ni da nake girkin nakan tsaya bayan labule ina dariya, a shekarun da ba abin da ke ba ni dariya.

Wata bazara muka fara ganin baƙin mai yana ɗiga a ƙasan babur ɗin. Ni na fara yin ƙorafi, don ni ke share zauren. Baba ya kai shi wajen bakanikensa, wani dattijo da ke wajajen Ƙofar Mata, shi kaɗai ya rage da ya san kan irin waɗannan tsofaffin babura. Bakanike ya kwance ya ce ƙwanson giyabos ne ya tsage, wato kaskon ƙarfen nan da haƙoran giya ke zaune a cikinsa suna juyawa. Ya ce zai iya sa a yi masa walda, amma ba zai daɗe ba, wajen ya yi siriri. Ya ba Baba ƙwanson a buhu ya ce ya zagaya wajen masu tsofaffin ƙarafa ko Allah zai sa a dace da irinsa.

Da Baba ya wuce da buhun nan ɗakinsa, da ban zauna ina rubuta wannan ba. A zaure ya ajiye shi. Baffa ya zo cin abinci, ya gani, ya zaro shi, ya juya, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa yana saurara, kamar yadda yake wa tukunya.

Ya ce, "Wannan ne ya gagari Barebari? Ai tukunya ce mai kunnuwa da yawa. Turawan ma rowar ƙarfe suka yi. Ba ni shi in zuba maka wanda jikokinka za su gada."

Baba ya ce, "Kai da ka saba da ƙwaryar nono, ina kai ina kayan inji? Ajiye mini abina, bawana."

Amma yana faɗa yana dariya, kuma da Baffa ya saɓa buhun ya fita bai hana shi ba.

Sai na faɗi yadda masu zubin tukunya suke aiki, don a nan masifar take. In mace ta kawo tsohuwar tukunyarta da ta huje, sukan danna ta cikin damammen yashi a akwatin katako, ta bar siffarta. Sai su zare ta, su farfasa ta, su narka ta tare da ƙarin dalma, su zuba a gurbin. Tsohuwar ta shiga cikin sabuwar ke nan. Matan unguwa suna son haka, sukan ce tukunyar uwarsu ce har yanzu, albarkarta ba ta tafi ba. In kuma ana son gindinta ya yi ƙwari, ta ciki ake ƙara kauri, don wajen ya fito sumul yadda mai ita ta san shi. Wannan shi ne aikin kirki a wajensu, shi ake wa wanda ake ƙauna. Kuma in dalma ta huce takan ɗan tsuke kaɗan, amma wa ya taɓa auna tukunya? Miya ba ta ƙorafi.

Bayan 'yan kwanaki Baffa ya shigo da sabon ƙwanso yana ƙyalli, ya dire shi gaban Baba. Na kawo ruwan wanke hannu ke nan, a kan idona aka yi. Wallahi abin ya yi kyau. Ya goge shi har kana ganin fuskarka, kuma ya ninka tsohon nauyi. Baba ya ɗaga, ya jinjina, ya leƙa ciki, ya daɗe yana leƙawa.

Ya ce, "Ina tsohon?"

Baffa ya ce, "Yana ciki mana! Da ina zan kai shi? Ƙarfen da ya ɗauke ka shekara da shekaru zan yar a bola? Na haɗa da dalma mai kyau, ban sa gwangwani ko ɗaya ba."

Yana faɗa yana washe baki kamar yaron da ya haddace allonsa. Baba ya ajiye ƙwanson a hankali. Ya ce, "Madalla. Ashe Fulani ma suna da amfani." Suka ci abincinsu.

Da aka kai wa bakanike, haƙoran giya ba su shiga ba. Cikin ya matse, ramukan kusoshi sun goce kaɗan kaɗan, kaurin da aka ƙara ya cinye wajen da ƙarafa za su juya. Bakanike ya kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe, suka fara rarakewa, sai suka ga naman ƙarfen duk ƙananan ramuka ne na iska, suka ce in suka ci gaba zai dare. Tsohon da za a duba a gyara kuma babu shi, ya narke. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da Baba ya yi shi ne ya sa bakanike ya ɗaura ƙwanson a jikin babur haka nan, fanko, ya rufe, ya ɗaure ƙarfen kik, wanda ake takawa a tayar da babur, da waya don ya tsaya a wajensa. Haƙoran giya ya naɗo su a tsohuwar riga ya tura ƙarƙashin gado. Ya turo babur ɗin tun daga Ƙofar Mata har gida, ya tsaya a rumfar Baffa yana haki ya ce, "Bawana, ka ci ladanka, kamar sabo." Baffa ya fito ya kira maƙwabta su zo su gani.

Ni ban da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani. Da na ga ƙarafan nan garin shara, na tsare Baba, ya gaya mini, sai na hau faɗa. Na ce haba Baba, wannan wace irin rayuwa ce? Mutum ya lalata maka abu, kai kuma ka bi shi da godiya? Ku da kuke zagin juna safe da yamma, ka ce masa ɓarawon shanu ya ce maka bawa, wannan 'yar maganar ce za ta gagare ka? Ka ce masa bai yi ba, ku yi dariya, a wuce wajen.

Baba ya bar ni na gama. Ya ce, "Ke yarinya ce. Abin da muke zagin juna da shi ba gaskiya ba ne, shi ya sa yake da daɗi. Wannan gaskiya ce." Ya ce Baffa ya shigo garin nan ba uwa ba uba, 'yan'uwansa na can ƙauye, a nan hannunsa ne danginsa. Yanzu mata sun koma sayen tukwanen kanti, wuni yake ba wanda ya leƙo rumfarsa. Tun da ya zuba ƙwanson nan yake tafiya da ƙirji a buɗe. "In na ce masa ya kashe mini babur, ba zai ƙara iya haɗa ido da ni ba. Na san shi. Babur ɗin da kwanon nan, in ɗaya zan rasa, na zaɓa." Ya kuma ce in na kuskura na buɗe baki bai yafe ba. Ina da shekara arba'in da wani abu, ya kira ni yarinya.

Ƙanena ya bincika a waya ya gano cewa a ƙasar Turawa akwai masu ƙera irin wannan ƙwanson sabo, har ma sun ƙara masa ƙwari a daidai inda yake tsagewa, don masu sha'awar tsofaffin babura. Ya zo da murnarsa ya nuna wa Baba hoto. Baba ya karɓi wayar ya kalla, na ga yadda idonsa ya tsaya a kai, yana so. Sai ya miƙa masa ya ce a bari. Ya ce nasu launinsa daban, siffarsa daban, ranar da ya wuce da shi ta gaban rumfa Baffa zai gane ba aikinsa ba ne tun daga nesa.

Daga nan aka shiga abin da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi. Duk Juma'a da hantsi Baba zai sa babbar riga, ya goge babur, ya tura shi ya fita kamar yadda ya saba. Ba wanda zai yi zargin komai, ai kowa turawa yake a lungu. Ya wuce rumfar Baffa, su yi musayar zagi, ya kai bakin titi. Sai maimakon ya tayar, ya saki hanya ya bi ta bayan gidaje, lungu lungu, yana tura wannan uban nauyin har rumfar bakanike. Tsoho mai ciwon gwiwa. Da farko yakan bar babur ɗin can ya hau mota ya je ƙauyen. Daga baya turin kaɗai yake cinye masa ƙarfi, sai ya zauna a benci wajen bakanike, ya yi Juma'a a masallacin kusa, ya jira la'asar. In zai dawo ya sayi gyaɗa ko rogo a bakin hanya ya kawo wa Baffa, wai tsarabar ƙauye. Ya shigo gida rigar ta jiƙe sharkaf, leɓensa ya bushe, in dafa ruwa in gasa masa gwiwoyi ina masifa ƙasa ƙasa. Na ce ƙannena su riƙa tura masa, ya ce a'a, tun yaushe aka fara raka shi? Na ce ya ce ya daina hawa saboda tsufa. Ya ce to sai Baffa ya ce a ba ɗaya daga cikin yaran ya hau ya gani.

Haka aka ci damina aka shiga kaka. Na tsani babur ɗin nan, na tsani ƙyallin ƙwanson nan, kuma Allah na tuba, akwai daren da na ji kamar in tsani Baffa, ina jin shi a zaure yana ba baƙi labarin yadda ya gyara abin da ya gagari Turawa. Amma kuma ina jin dariyar Baba a bayan maganar, dariya ta gaske, sai in rasa wa zan ba laifi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Aka yi wa ƙanen Baffa jika a ƙauyensu, suna ya faɗo ranar Juma'a. Baffa ya ce Baba ne zai kai shi, a kan babur, danginsa su ga aikin hannunsa ya ɗauko shi tun daga birni. Baba ya ce hanyar ba kyau. Baffa ya ce an gyara. Baba ya ce taya ta yi sanyi. Baffa ya ce ga mai faci nan a bakin titi. Baba ya ce shi ba ya goyon bayi. Baffa ya ce gobe kuwa sai ya goya ubangidansa ko ya ƙi ko ya so. Ina bayan labule ina jiran Baba ya faɗa masa, ga dama ta zo har gida. Bai faɗa ba. Ban san abin da yake tsammani ba, ko ya ɗauka ruwan sama zai sauko, ko wani abu zai taso. Da safe na ce Baba ka kwanta ka ce ba ka da lafiya. Ya ce in ya kwanta Baffa zai fasa zuwa sunan ya zo ya zauna a kansa, wata Juma'ar kuma fa?

Na zura hijabi na bi su a baya. Baffa ya sha farar riga da rawani, har da turare. Su biyu suka tura babur ɗin, Baffa na gaisawa da kowa yana cewa a yi musu addu'a. Suka fito bakin titi daidai teburin mai shayi, mutane na zaune. Baba ya hau. Baffa ya tattare riga ya haye baya, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "To direba, mu je."

Baba ya zauna riƙe da kan babur bai motsa ba. Sai ya ɗaga ƙafa ya ɗora a kan kik. Na rantse ban san me ya sa ya taka ba. Wayar da aka ɗaure ta tsinke, ƙarfen ya faɗi a kan kwalta ya yi ƙara, ya gangara ƙarƙashin bencin mai shayi. Wani ya fara dariya ya haɗiye.

Baffa ya sauko. Ya tsuguna da farar rigarsa a ƙasa, ya leƙa ramin da ƙarfen ya fita. Sannan ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa ƙwanson, ya kara kunne. Ya sake ƙwanƙwasawa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana sauraron tukwane ba sai an gaya masa abu fanko ne ba.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Baba ya ce, "Tun ranar."

"Duk Juma'o'in nan?"

Baffa ya miƙe, ya kalli ƙafafun Baba, ya kalli hanyar da ta bi ta bayan gidaje. Ya karkaɗe rigarsa. Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji." Tun da nake ban taɓa jin ya kira shi Alhaji ba. Ya juya ya koma lungu, bai je sunan ba.

Da magariba na kai kwano zaure kamar kullum. Baba ya zauna gabansa bai buɗe ba har aka kira isha'i. Washegari haka. Rana ta uku ya aike ni. Na sami Baffa a rumfa yana tankaɗe yashi. Na durƙusa na ce Baffa, Baba ya ce abinci na hucewa. Bai ɗago ba. Ya ce in gaida Alhaji, in kuma ce ya aiko masa da haƙoran giyan. Ya ce, "Ba zan taka zauren nan ba sai ranar da babur ɗin ya tashi da ƙafarsa. Na sa tsoho ya yi dakon ƙarfe a rana don kada in ji kunya. Da wane bakin zan ci tuwonsa?"

Na kawo wa Baba saƙo. Ya ce in koma in tambaye shi ko rantsuwa ya yi, in rantsuwa ce shi zai ciyar da miskinai a madadinsa. Na koma. Baffa ya ce bai rantse ba. Da ma ya rantse ɗin, da an san yadda za a warware, amma kunya ba ta da kaffara, haka na dawo na gaya wa Baba ina kuka don haushi.

Baba ya aika masa da ƙarafan. Baffa ya daina zuba tukunya gaba ɗaya. Ya riƙa gina siffar ƙwanso da yumɓu a kewayen haƙoran, ya busar, ya danna a yashi, ya zuba. Shi da kansa yake saɓa buhu ya kai wa bakanike ya tsaya a kansa, don kada a sake yi masa ƙarya. Wannan ya yi faɗi, wancan rami ya goce, wani haƙoran suka shiga amma suka ƙi juyawa, wani ya tsage ana ɗaure kusa. Bakanike ya gaya masa gaskiya, ya ce Malam wannan ba aikin yashi ba ne, aikin awo ne da inji, ko shekara goma za ka yi ba zai zauna ba. Baffa ya ce ya ji. Ya kwaso ya koma ya farfasa ya narka ya sake. Tsirarun matan da suka rage suna kawo masa tukwane suka gaji da jira suka koma wani wajen. Ya rame, idanunsa suka yi ja saboda hayaƙin gawayi.

Ƙanena ya sake tayar da maganar na Turawan, ya ce tunda asiri ya tonu a sayo kawai, babur ya tashi, Baffa ya dawo. Na goyi bayansa da ƙarfina. Baba ya aika aka gaya wa Baffa. Amsar da ta dawo ita ce babur na Alhaji ne, ya sa abin da ya ga dama, Allah ya sanya alheri. Baba ya ce kun ji ko? In na sa na wani, na rufe masa ƙofar ke nan har abada. Aka bar maganar.

Sau ɗaya Baba ya je da kansa. Ya dogara sanda, na riƙe masa hannu. Ya tsaya a bakin rumfa ya ɗaga murya yadda ya saba, ya ce, "Kai bawana! Wa ya ba ka izinin guduwa daga gidan ubangidanka? Ko shanun wa ka sato kake ɓuya?" Maƙwabta suka fara murmushi, ni ma zuciyata ta ɗaga. Baffa ya ajiye abin da ke hannunsa, ya goge tafinsa a riga, ya russuna har ƙasa ya ce, "Barka da yamma, Alhaji. Ya ƙarfin jiki? Ya iyali?" Baba ya tsaya baki buɗe. Ya sake gwada wata tsokanar. Baffa ya ce, "Allah ya ƙara girma." Muka juyo. A zaure Baba ya zauna ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza. Ko ranar da aka fita da mahaifiyarmu ban ga haka ba.

Daga nan abinci ya fita ransa. In na kai kwano sai ya ɗan taɓa gefe ɗaya ya bar ɗayan yadda yake. Likita ya ce zuciya ce ta kumbura, ƙafafu suka haye. Ni ban yi karatun likita ba, ba zan ce turin babur ne ko zaman kaɗaici ba, amma na san abin da na gani. Da ya kwanta ya kasa fitowa zaure, kullum in magariba ta yi sai ya ce, "Leƙa ki gani ko ya zo."

Na je wajen Baffa zuwan da ban san iyakarsa ba. Na roƙe shi, na yi masa kuka, ranar ƙarshe na manta da girma na yi masa rashin kunya. Na ce Baffa abokinka mutuwa zai yi, ba babur yake nema ba, kai yake nema, wannan taurin kai ne ba kunya ba. Ya saurare ni hawaye na bin gemunsa. Ya nuna mini wani sabon gini na yumɓu da ke shanye a rana. Ya ce, "'Yata, wannan karon na gano inda nake kuskure. Ki ce masa ya jira ni. In ya bushe jibi zan zuba, in kai a ɗaura, in turo masa shi har ƙofar ɗaki ya ji ƙararsa." Na ce in bai kai jibin ba fa? Ya ce zai kai, Babarbare ai taurin rai gare shi. Wannan ce tsokanar farko da na ji daga bakinsa tun ranar sunan, na kwasa da gudu na kai wa Baba. Ya yi murmushi ya ce in maimaita masa. Na maimaita.

Bai kai ba. Washegari da hantsi ya cika.

An ce Baffa ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun ƙarshe, ya bi har maƙabarta. Da aka dawo maza suka cika zaure da ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, shi ya tsaya a tsallaken lungu ya yi addu'a daga can ya tafi. Kashegari muna zaman makoki sai ga hayaƙi yana tashi daga bakin lungu, ana jin ƙugin zugazugi. Mata suka fara salati, wata ta ce wannan wane irin mutum ne, amininsa bai kwana biyu a ƙasa ba ya hura wuta? Jinina ya hau. Na tashi daga cikin masu gaisuwa, ko takalmi ban tsaya nema ba.

Na same shi tsugune gaban akwatin yashi, dalma na tafasa a kasko. Farar rigar da ya je jana'iza da ita ce a jikinsa, duk ta yi baƙi. Na zo da maganganu cike da baki, da na gan shi suka tsere, saura ɗaya.

Na ce, "Baffa, wa zai hau?"

Ya tura gawayi cikin wutar. Ya ce, "Ni dai in samu ƙwanson ya zauna, 'yata. In samu in shigo in yi muku gaisuwa."

Ya ɗauki awartaki ya kama kaskon da hannu biyu, ya ce in matsa kada ta fallatso mini.